Ashe Kwamfutar Alhaji Tana Rubutawa

"Kai ka lalata min kwamfuta!"

Haka wani Alhaji ya faɗo shagona na gyara a Sabon Gari jiya, ba ko sallama, ga mutane cike. A Tsafe yake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Wai tun da na gyara masa ita take sandarewa.

Na ce, "Alhaji, ko ka saka mata wani abu?"

"Wallahi ban taɓa ta ba!"

A cikin kwamfuta akwai ɓangaren da ke raba wa manhajoji lokacin aiki. Irin tasa, in aka cire wannan ɓangaren na asali aka ɗora mata wani na waje, takan rubuta rana da lokaci. Na buɗe na nuna masa: an ɗora mata na waje ran Talata bayan la'asar, kwana biyu da karɓarta daga hannuna.

Can ya ce, "A bidiyo na gani, wai yana ƙara gudu. Ashe rubutawa take?"

Na mayar masa da na asali. Ya fice, ko haƙuri bai ba ni ba.

Rantsuwar ƙaryar ba ta dame shi ba, kama shi da aka yi ne ya dame shi. Masu sana'ar hannu, yaya kuke ƙarewa da irinsu?