Kwanon da Kawu Labbo ya riƙa rufe mini

Juma'ar da ta wuce Kawu Labbo ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Kowace shekara nakan ce za ni rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Ba yabonsa ke yi mini wuya ba, faɗin abin da na yi masa ne.

Mutumin Burkusuma ne, can bakin iyakar Nijar, bai taɓa shiga aji ba. Fari ya cinye masa gero shekara biyu a jere, ya bar gona ya tafi birni, Allah ya ba shi aikin shara a jami'a. Nan ya ga yadda yaranmu na Sabon Birni da Isa ke isowa da akwatin ƙarfe a ka, ba su san ƙofar da za su nufa ba, da sun buɗe baki a kwashe da dariya a ce ga 'yan Nijar. Sai shi da wani direba ɗan Kamarawa da malami guda suka haɗa ƙungiyar mutanen yankinmu, ɗalibai da ma'aikata. Ba ofis, ba hatimi. Su tarbi sabon ɗalibi a tasha, su ba shi wurin kwana, su raka shi layin rajista. Ran Juma'a in an sauko masallaci, a hallara gindin darbejiya a ci tuwon geron da matarsa Inna Hajo ta tuƙa. Doka ɗaya ce a wurin: kafin kowa ya sa hannu, sai an zuba kwano guda an rufe, na wanda bai samu zuwa ba.

Ni ma shi ya tarbe ni, shi ya ɗauki akwatina a kansa ina biye. Mako uku na kwana a ɗakinsa. Amma da na yi abokai 'ya'yan manya sai na fara gyara harshe, na fara jin nauyin gindin darbejiya. Wata rana da hantsi mun fito lacca, ya hango ni, tsintsiya a hannu, tsagen Gobirawa har kunne. Ya washe baki ya ce, "Ɗan Hassi! Kwana biyu. Innarka na ta cigiya, ko tuwon namu ya gundure ka?" Hassi sunan mahaifiyata ne. Wani cikin abokaina ya tambaye ni wane ne wannan. Na ce, "Wani tsoho ne daga wajenmu."

Ya ji. Wallahi ya ji. Ya dube ni kaɗan ya ce, "Allah shi ba da sa'a, malam," ya sunkuya ya ci gaba da shararsa. Daga ranar ban sake taka gindin darbejiya ba har na gama, in na hango shi sai in sauya hanya.

Abin kunya, sai da na je ƙasar wasu na gane abin da na yar a gida. A jami'ar da na yi ƙarin karatu a Amurka akwai ƙungiyar 'yan asalin Meziko da aka haifa can, masu kiran kansu Cikano, da sauran 'yan Latin Amurka. Su ma ɗalibai da ma'aikata ne a haɗe. Suna taya sababbi cike takardu, suna yi wa iyayen da ba su jin Turanci tafinta. Wata ma'aikaciyar laburare ta ga kaɗaici na cina ta gayyace ni walimarsu. Ana cikin ci wani farfesa mai furfura ya miƙe, ya kamo hannun wata dattijuwa sanye da rigar masu goge-goge, ya ce gwaggonsa ce, ita ta raine shi. Wuri ya ɗauki tafi. Ni kuwa sai Kawu da tsintsiyarsa suka faɗo mini a rai. Na ƙudurta in na dawo za ni durƙusa gaban Kawu in nemi gafara. Saura wata biyu in dawo aka bugo waya cewa ya rasu. Da na sani ƙeya ce.

Da na je Burkusuma gaisuwa, Inna Hajo ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon kwano mai murfi, fentinsa duk ya goge. Ta ce, "Wanga naka na. Tun da ka bar zuwa, in an rufe kwano sai shi ce na ɗan Hassi na, ƙila karatu ya riƙe shi. In la'asar ta yi shi kai ma mai gadi." Shekara huɗu! Bai gaya mata abin da na yi ba, bai gaya wa mahaifiyata ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya riƙe wannan magana, ni da na yi karatu na sake ta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Hanyar gida ta zama sai da addu'a. Akwai ɗaliban Kurawa da in an yi hutu ba su da inda za su, iyayensu sun tsallaka iyaka gudun 'yan bindiga. Na tabbata da tabarmi zai ƙaro ya ce a gyara a matsa. Ƙungiyar tana nan, ta koma cikin waya, har rigimar shugabanci ake yi. Ni kuma, don Allah ku ji, ni suka naɗa uban ƙungiya. In an yi taro a babban tebur ake zaunar da ni, a ce na gaji Kawu. Ina murmushi kawai, don ba wanda ya san abin da na yi masa a cikinsu.

Bai bar gida ba, bai bar littafi ba, ko hoto mai kyau babu. Abin da ya bari shi ne likitoci da malamai da suka fara kwanan birni a kan tabarmarsa, da wannan al'ada ta rufe wa wanda ba ya nan abinci. Kwanon yana hannuna, na mayar da shi gindin darbejiya, duk Juma'a ni ke zubawa in rufe. Amma wannan ba ya goge maganar da na yi a gaban mutane, don haka a gaban mutane za ni gyara ta. Abokina, in kana karanta wannan, ka tambaye ni wane ne mai tsintsiyar nan, na yi maka ƙarya. Ba wani tsoho ba ne. Kawuna ne, wan mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya jiƙan Labbo.