Jigon da na ajiye a kaina

Shekarun baya, ban cika shekara guda da zuwa Doha ba, jikata ta ɗora min wani aiki da ya kusa tsayar min da numfashi. Yanzu ita ce zaune gabana tana rubuta abin da nake faɗa, tana ta murmushi, amma ranar ni ban ga abin murmushi ba.

Muna zaune a unguwar Ain Khaled, ni da 'yata mai aikin jinya da ita jikar tawa. Jikata tana da wata ƙungiya ta masu son haɗa wasannin kwamfuta. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Wani gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Filato, wani direba, wani mai jiran kanti. Sau ɗaya a shekara sukan yi gasa: a tara su wuri guda, a faɗa musu jigo, wato abin da wasan zai ginu a kai, a kunna agogo, kowane rukuni ya haɗa nasa wasan daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Agogo na tsayawa, kowa ya ɗauke hannu.

To gasar da ta gabata ta watse da rigima. Jigon ya fita tun kafin ranar, wani ya tura wa wani a waya, waɗansu suka zo da rabin wasansu a haɗe. Mutane suka yi fushi, wasu suka fice daga ƙungiyar. Da aka ba jikata shirya ta wannan shekarar, sai ta zo ta zauna a bakin gadona.

Ta ce, "Ƙawata, ke za ki zaɓa mana jigo bana. Ki riƙe shi a kanki, kada ki faɗa wa kowa, har ni."

Na ce, "Duk masu digirin da ke garin nan, sai ni?"

Ta ce, "Ai shi ya sa. Ba kya rubutu, ba kya tura saƙo. Wa zai yi wa kanki kutse?"

Ku ji rashin kunya. Amma gaskiya abin ya yi min daɗi. Ban taɓa zama a aji ba, sai dai a garinmu idan ana neman wa ya haifi wa har kaka na biyar, ni ake aiko wa. Labari kuwa, sau ɗaya nake ji ya zauna. Na ce mata, "Kaina ya fi kwamfutarki, ba ya neman caji." Kwana shida ina juya jigon nan, ina gyara shi, ina jin daɗinsa ni kaɗai. 'Yata ta ce, "Umma, ki faɗa min ko ni in ajiye, don tsaro." Na harare ta na ce tsaron me.

Ranar Asabar ɗin gasar na idar da sallar asuba, na ce bari in ɗan taɓa jigona in ji yana nan. Na laluba, babu. Na sake lalubawa. Kun san yadda mutum ke sa hannu a jaka inda ya saba ajiye makulli, ya ji wayam? Haka. Na tuna na zaɓe shi, na tuna ina tsaye a kicin ina yanka albasa lokacin da ya zo min, na tuna har dariyar da na yi. Shi kansa jigon ne babu ko ƙurarsa.

Gumi ya karyo min, ga na'urar sanyi tana aiki. Na koma kicin na tsaya daidai inda na tsaya ran nan, na ɗauki wuƙa na ɗauki albasa. Jikata ta leƙo ta ce, "Tsohuwa, miya za ki ɗora yanzu? Yalla, mun makara." Na ajiye na bi ta. Ban faɗa mata jigon ya ɓace ba. Da wane baki?

An kama wani zaure a saman shaguna a unguwar Fereej Abdel Aziz. Duk tsawon hanya ina cewa a raina, yanzu zai dawo, in mun wuce wancan shataletalen zai dawo. Jikata tana tuƙi tana lissafa min wahalar da ta sha: teburan da ta aro, wayoyin wuta, ruwa da abinci, mutanen da ta bi ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri su dawo. Ta ce, "Idan bana ma aka samu matsala, khalas, shi ke nan, ƙungiyar ta mutu." Na ce, "Uhm."

Muka hau sama. Zauren cike, kowane tebur da kwamfutoci, ga Hausawa, ga 'yan Sudan, ga 'yan Indiya da Filifin. A bango akwai babban allo, wasu suna kallonmu ta ciki daga Kano da Kumasi, su ma suna jiran jigo. Sama da allon ga agogo mai jajayen lambobi. Harafi ban sani ba, amma lamba na sani. Abokin shirin jikata, wani dogon mutum ɗan zangon Kumasi, ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Hajiya, yau duk a hannunki muke. Takwas na bugawa agogo zai tashi da kansa, an riga an saita, ba mai iya tsayar da shi." Na ce agogon gaba yake yi ko baya? Ya ce baya, yana cinye lokacin ne har ya ƙare.

Na nemi banɗaki. Na rufe ƙofa na jiƙa fuskata, na yi duk addu'ar da na iya. A nan ne abin da nake gudu tun asuba ya cim min. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta fi ni riƙe magana nesa ba kusa ba. Da haka nata ya fara, ƙaramin abu yau, ƙaramin abu gobe. Har ranar da na dawo daga rijiya na same ta tsaye a ƙofar gidan da ta yi shekara arba'in a ciki, ta dube ni da ladabi ta ce, "Baiwar Allah, nan gidan wa ne?" Na riƙe bakin wurin wanke hannu. Na ce shi ke nan, nawa ya zo, kuma a ƙasar mutane zai same ni, inda ko da hankalina ban san hanya ba.

Jikata ta ƙwanƙwasa. "Ƙawata, saura minti biyu."

Aka tsayar da ni gaban jama'a, aka ba ni abin magana, jikata a gefena za ta fassara. Na ji ƙara ɗil, lambobin suka fara sauka. Kowa ya ɗora yatsu a kan kwamfuta yana kallon bakina.

Sai na fara gaisuwa. Na gaishe da na zaure, na gaishe da na Kano, na tambayi na Kumasi ya ruwa. Na tambayi iyayensu, na tambayi gajiyar aiki, na sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Jikata tana fassarawa tana taka min ƙafa. Ta raɗa min, "Kaka, lokacinsu kike ci." Ba ta kirana Kaka sai abu ya ɓaci. Na ga ɗan Kumasi ya dubi agogo ya dube ta. Wani daga baya ya yi tsaki. Minti huɗu suka tafi, kaina fari fat, babu komai a ciki sai tsohuwar nan a bakin ƙofa.

Da na ga ba ni da wani abin, sai na ba su ita. Na ce, "Akwai wata mata. Ta san kowa a garinsu, ta san kowace hanya. Wata rana ta tsaya a ƙofar gidanta, ta manta gidan wa ne. Jigonku ke nan. Ku kai ta gida."

Jikata ta fassara tana kallona, don ta san labarin. Zauren ya ruɗe da hayaniya, kowa ya juya ga rukuninsa. Ɗan Kumasi ya ce, "Kai, Hajiya! Kwana nawa kika yi kina dafa wannan?" Na ce shida. Allah ya yafe min.

Suna can suna fama da agogonsu, ni ina kujera a lungu ina fama da nawa. Na kira sunayen 'ya'yana a zuci, da na waɗanda suka rasu. Na bi layin gidanmu gida-gida. Duk inda na ɗan yi tuntuɓe sai gabana ya faɗi. Aka kawo shinkafa da rana, ban taɓa ta ba. Ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Filato ta zo ta dafa ni ta ce, "Mama, jikinki lafiya? Hannunki ya yi sanyi." Na ce sanyin ɗakin ne.

Shida ta yi, lambobin suka koma sifili, ɗan Kumasi ya daka tsawa, "Khalas, a ɗaga hannu!" Aka fara nuna wasanni. Rukunin da ya ci, nasu wata 'yar tsohuwa ce a allo tana tafiya cikin lunguna, duk lungun da ta wuce sai ya goge a bayanta, sai dai ta bi muryar masu kiranta. Suka nace sai na gwada. Suka ɗora yatsana a kan maɓalli. Na matsa, ta yi taku uku, na ga hanyar bayanta ta share. Na janye hannuna kamar na taɓa wuta. Suka yi ta tafi, sun ɗauka wasa nake.

A mota jikata tana ta murna, ba rigima, ba wanda ya ce an yi maguɗi, har waɗanda suka fice sun ce a mayar da su. Na bari ta gama. Sannan na ce, "Ba shi ba ne jigon. Na ainihin ya ɓace min tun asuba." Ta gangara gefen titi ta kashe mota. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Shi ya sa kike ta gaishe da mutanen Kumasi?" Na ce shi ya sa. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ni ma na taya ta.

Cikin makon 'yata ta kai ni wurin likita. Ya faɗa min abu uku ya ce in riƙe, ya ɗauke min hankali da hira, ya dawo ya tambaya. Na ba shi ukunsa, na ƙara masa da abin da ya ce wa mai taimaka masa lokacin da muka shigo. Ya ce in zana agogo, na ce ɗana, ban taɓa riƙe biro ba, kada ka ɗora wa ciwo laifin iyayena. Aka ɗauki hoton kaina, aka ɗebi jini. Ya ce bai ga abin tsoro ba, mai yiwuwa ɗoki ne da rashin barci, amma in riƙa zuwa duk shekara. Ina zuwa, kuma har yau sakamakon bai canja ba.

Ni ce dai mai ba su jigo har yanzu. Sai dai na sauke girman kai, ina zaɓa nake faɗa wa 'yata ta naɗa a wayarta ta kulle. Na gane cewa abin da mutum ɗaya tak ya sani, a bakin rami yake zaune, ko da mutumin ni ce.

Wancan jigon kuwa na farko, wanda na yi kwana shida ina gyarawa, bai taɓa dawowa ba. Likita ya ce in bar shi. Amma wani lokaci ina shan shayi sai in ji kamar ga shi nan ya taho bakin harshe. In ajiye kofin a hankali, in yi shiru, in jira. Sai shayin ya huce.