Iskar Malam Yusha'u

Shekara goma sha tara Malam Yusha'u ya yi yana koyar da fiziks a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke Bilbis, kuma duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa ya san darasin da ke sa shi manta an kaɗa ƙararrawa. Ƙwayar zarrar haidirojin ke nan. Sai ya ɗiga alli a tsakiyar allo ya ce ga furoton, ya watsa ɗige-ɗige kewaye da shi ya ce ilektaron na nan cikinsu, amma ba mahaluƙin da zai nuna maka takamaiman inda yake. Ƙarfinsa kuma hawa-hawa ne kamar matakalar tsani, ko yana wannan ko yana wancan, ba ya tsayawa a tsakani. In ya diro ƙasa sai ya saki haske. Yana faɗa yana ɗaga ƙafa yana direwa, ɗalibai na ta dariya, shi ko a jikinsa.

Mutum ne mai ji da sunansa, wannan kam ba ƙarya. Ko kasuwar Tsafe ya shiga a ce masa Yusha'u gatsau, ba Malam, to ranar an ɓata masa rai ke nan.

Sai 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Aka rufe makarantar, aka sake buɗewa, iyaye suka ƙi turo 'ya'yansu. Shi kuma dama ba ma'aikacin dindindin ba ne, ƙungiyar iyaye ce ta ɗauke shi, don haka aikin ya ƙare. Ya kwaso matarsa Luba suka dawo Gusau, suka kama ɗaki biyu a Sabon Gari. Ya zaga makarantu har takalminsa ya cinye, kowa sai ya ce a dawo wani zangon.

Yunwa ce ta tuna masa da abin da ya sani. In ka zuba yankakkun gwangwanayen lemo cikin sodar da ake haɗa sabulu, iskar haidirojin ce ke tasowa, kuma ba iskar da ta kai ta rashin nauyi. Ya samo tsohuwar tukunyar gas, mai walda ya sa mata bututu, ya shiga cika balan-balan mai tashi sama yana kaiwa gidajen biki da suna. Sana'a ce ta halal, amma wallahi kunyarta ta kusa kashe shi. Takunkumi yake sawa ya ja hula har gira, kada wani ɗan Bilbis ya gane shi. Ƙaramin ɗakin ya mai da wurin aiki, ya hana Luba shiga. Da ta tambayi abin da ke tafasa a tukunyar, yana warin nan mai shaƙe maƙoshi, sai ya ce iska ce kawai, ba ruwanta. Ya san sarai ƙyastu ɗaya ya ishe ta kamawa. Amma bayani na nufin ya zauna gaban matarsa ya amsa cewa nan karatunsa ya ƙare, shi kuwa bakinsa ya ƙi.

Ana gobe ƙaramar Sallah tsohon abokin aikinsa Malam Ashiru ya kira shi. Ya ce wata makarantar kuɗi a Bungudu na neman malamin fiziks, zai zo da mai makarantar bayan an sauko Idi su gaisa. Malam Yusha'u ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya roƙi Luba ta gyara gida tsaf, kada baƙi su ga ko su ji wani abin da zai zubar masa da mutunci. Balan-balan ɗin da ya cika don yawon Sallah, sun fi ɗari, ya tura su ƙaramin ɗaki ya ja ƙofa, da gari ya waye ya sa babbar riga ya tafi masallacin Idi.

Luba ta share, ta goge, amma warin sodar nan ya ƙi fita. Ta yi abin da kowace macen kirki za ta yi in baƙin kunya na tafe. Ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta tura ƙofar ɗakin ta ɗaga kaskon sama don hayaƙi ya kai ko'ina.

Ƙarar fashewar har bakin titi aka ji ta.

Ta rayu. Fuskarta da hannuwanta biyu ne suka ƙone. Malam Ashiru da mai makarantar sun iso suka tarar da taro a ƙofar gida, maƙwabta na ba su labarin mai balan-balan, suka yi jaje suka juya. Shi kuwa Malam Yusha'u bai ma ƙara tuna su ba. Kwana shida yana zaune gefen gadonta a asibiti yana kore mata ƙuda, yana jiran ta samu baki ta zage shi.

A rana ta bakwai ta iya motsa leɓe. Ya sunkuya ya kara kunne.

"Malam, ashe ka san tana kamawa da wuta?"

Ya ce ya sani.

"'Ya'yan mutane ka koya wa ita shekara da shekaru. Ni da nake share ƙofar ɗakin kullum, mi ya hana ka gaya mini?"

Mutumin da bai taɓa rasa amsar tambaya a aji ba ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kore mata ƙuda. Ta juya fuskarta bango.