'Yan Dubiya Sun Fi Ciwon Gajiyar da Ni

A wancan lokacin ni ungozoma ce a wani ƙauye kusa da Gagarawa, jikoki cike da tsakar gida. Ban san baƙi ba, faɗa nake ana rubuta muku.

Wani kullutu ya fito mini a mama, ba zafi, ba ƙaiƙayi, sai girma. Daga Gumel aka tura ni Kano, aka ce ciwon daji ne. Likitar, sa'ar 'yata, ta zaunar da ni ta ce jikin ɗan Adam ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Kowace tana raye ne muddin maƙwabtanta na aiko mata da saƙon ta zauna. In saƙon ya yanke, ko ta lalace, sai ta naɗe tabarmarta ta mutu, wata ta maye gurbin. Na ce ashe kamar cibiyar jariri, ba mai tsinke ta, ita ke bushewa ta faɗi. Ta ce kusan haka ne. Daji kuwa ƙwayoyin da suka toshe kunne ne, suka ƙi mutuwa, suna ta hayayyafa, kuma maganin da za a ɗura mini shi zai tilasta musu.

Aka fara magani, gashina ya zube, tuwo ya koma mini kamar toka. Sai 'yan dubiya! Wannan ta leƙa ƙarƙashin ɗankwalina ta fashe da kuka kamar an kawo likkafani. Waccan ta ce ina aka taɓa jin magani mai kisa, ta dire mini jiƙo mai wari. Ƙanwar mijina ta rantse maruru ne, a kira wanzami ya yi sakiya. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, suka ce Inna ta fara rikicewa. Suka cika wa babban ɗana kunne, ya ce don tausayi ba zan koma Kano ba. Ina zaune da jiƙo, kullutun da ya fara motsewa ya sake tasowa, har ya aika ɗansa hammata.

Wata ranar kasuwa na yafa mayafi na hau motar buhunan gero zuwa Kano, ban sallami kowa ba. Likitar ta duba, ta ce yanzu sai an cire maman gaba ɗaya. Aka cire.

Ina raye, alhamdulillahi, kuma na gane tausayi ma yana cutarwa in ya shiga abin da bai sani ba. Mata, in kun je dubiya ku yi sannu, ku yi addu'a, ku tashi. Gashin da suka yi wa kuka ya tsiro har ana yi mini kitso. Mama kuwa ba ya tsirowa.