Tarwadar da Ta Kusa Raba Ni da Aminiyata

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina zaune da maigidana da yaranmu a wani ƙauye tsakanin Roni da Kazaure, kuma ni mace ce mai kafiya, in na ƙudurta abu a raina ba mai tanƙwara ni. Ina kiwon tarwada a tankunan siminti a bayan ɗakina, in sun girma in banda su, maigida ya kai Babura a bas ɗin da yake ja. Sana'ar ta karɓe ni, har na je na koyi ƙyanƙyasa don in huta da sayen 'ya'yan kifi.

Wata shekara na sayo wasu 'ya'yan kifi masu saurin girman da ban taɓa gani ba. Ni kuwa 'yar manoma ce, na tashi ina ganin babana yana ware zangarniyar gero mafi girma ya rataye don iri. Sai na yi wa kifi haka, na tsame manyansu maza da mata na ware musu tanki, ina lallaɓa su kamar baƙi. Ana nan sai aminiyata ta shigo. Katanga ce kawai ta raba mu, kuma shekara ɗaya aka kawo mu garin muna amare. Ta leƙa tankin ta riƙe baki, ta ce waɗannan ai 'yan maruƙa ne ba kifi ba. Ta yi ta dariya, amma ba ta ce tubarkalla ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Da lokaci ya yi na yi wa matan allura, na tatse ƙwai, na yanka namiji na ciro ruwansa na gauraya, yadda aka koya mana. Ƙwan ya yi fari ya lalace. Na sake, 'yan kaɗan suka fito a karkace, su ma suka mutu. Na canja ruwa, na wanke tanki, na yi ta yanka mazan da nake ji da su, ba labari. Nan zuciyata ta ce bakin aminiyata ne ya kama su. Da na tare ta na faɗa mata ma da sauƙi. Sai na riƙa amsa sallamarta a daƙile, na toshe hanyar bayan gida da langa-langa, in ta aiko da tuwo in mayar da kwanon ba komai. Maigida ya ce in ji tsoron Allah, na ce masa shi mota ya sani.

Shi ne dai ya kawo mini wata malamar kiwon kifi da ya ɗauko a motarsa daga Kazaure. Ta ɗaga kifi ɗaya, ta nuna mini wata 'yar tsoka a gadon bayansa dab da wutsiya, ta ce tarwada zalla ba ta da ita. Waɗannan, in ji ta, haɗin tarwada ne da ramboshi, wani kifi danginta. Ta ce a cikin ƙwayar halittar kowane kifi akwai wasu 'yan zaruruwa da ake kira kuromosom, su ke ɗauke da gado, kuma adadin na tarwada ya ɗara na ramboshi duk da kamannin da suke yi. In an haɗa su sai ɗan ya fito da girma da juriya, amma zaruruwansa ba sa jeruwa daidai, shi ya sa ba a dogara da shi wajen iri, kusan kamar alfadari. Ta yaba kiwona, ta ce in ci gaba da kiwata su don nama, iyaye kuwa in nemi zalla. Tana magana ina jin kunya tana rufe ni, ba don kifi ba.

Tana tafiya na ja mayafi na shiga gidan aminiyata, na faɗa mata komai. Ta ce ai ta daɗe da ganewa, kuma ta sha kuka a ɗaka. Sai ta share ido ta ce in bakinta na da wannan ƙarfi da tuni ta gama da ɓerayen rumbunta. Muka yi dariya da hawaye. Yau alhamdulillahi ƙyanƙyasa tana yi mini kyau, tare muke banda, ita ce ma mai zaɓar mini na iri, ta fi ni ido.

Abin da na koya shi ne, kifi biyu na iya kama da juna a ido alhali cikinsu daban, don haka mai shirin ƙyanƙyasa ya tambayi asalin kifinsa tun wajen saye. 'Yan uwana mata kuma, in sana'a ta ƙi, a nemi wanda ya sani kafin a ɗora wa na kusa. Ni na mayar da kifina cikin damina guda. Amma a watannin da nake gaba da aminiyata ta aurar da 'yarta ta fari, yarinyar da na goya a bayana, ina jin guɗa ta katanga ban fita ba. Ta yafe mini, sai dai wannan bikin ba za a sake shi ba.