Fitilar Baba Mai Ja da Kore

A Kafanchan, idan ka ce jirgi, ba mai tambayar ka wane iri. Ɗaya muka sani, mai bin layin dogo. Shi ya sa da na ce aikin jirgin ruwa zan shiga, unguwarmu ta samu abin dariya na wata guda. Mai shayin bakin tasha har ya raɗa mini suna Kyaftin Matsirga, wai ruwan nan da ke zubowa daga dutse shi ne iyakar tekun da na taɓa gani. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Lokacin na gama sakandare, reluwe kuwa ya fara mutuwa muna kallo. Jirgin da ke zuwa kullum ya koma sai ya ga dama. Ban ga dalilin da zan tsaya gadin gawa ba. Na aika kudu aka kawo mini fom na makarantar koyon aikin jirgin ruwa, na cika komai da kaina. Abu biyu suka rage: takardar gwajin ido, da sa hannun uba. Na biyun ne ya tsaya mini a wuya.

Babana ya shekara talatin yana ba jirage hanya da tuta da fitila. Da idonsa ya fara hazo, likita ya gwada shi, ya kasa raba ja da kore, aka sallame shi. Ya dawo gida da fitilarsa ta hannu, ya cusa ta ƙarƙashin gado.

"Ba zan sa hannu ba," ya ce mini. "Jirgin ƙasa yana da layi, in ya faɗi za a san inda ya faɗi. Ruwa fa? Kuma su ma ido ne suna so. Za su shanye idonka su yar da kai kaman ni."

"Baba, in dai za a yar da ni, gara a yar da ni bayan na ga duniya."

Ban janye ba. Kowace safiya sai in ɗora fom da biro a kan Littafi Mai Tsarkinsa. Ya ture su ya buɗe littafin, ko da yake da ka yake karanta shi, gobe in mayar. Sati biyu muna haka.

Ana saura kwana uku a rufe karɓar fom, mun dawo daga sujada ranar Lahadi, ya kira ni ɗakin da muke ajiye citta. Ya rufe ƙofa da taga, ya kunna fitilar nan.

"In ka kuskure sau ɗaya, magana ya ƙare."

Ya riƙa murɗa mariƙin fitilar, gilashin yana sauyawa, ina faɗa. Ja. Fari. Kore. Ja. Yana sauri don ya rikita ni, ina ɗaga murya don ya san ban rikice ba. Can na lura ba hasken yake duba ba. Da babban yatsa yake lalubar inda gilashin ya tsaya. Fushin da na shigo da shi ya rasa wurin zama.

Sai ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Kore."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

Da ya ce ja ne, ba shaida a ɗakin sai buhunan citta, kuma na riga na shirya rigima. Ya ajiye fitilar.

"Shekara talatin ban taɓa tsare jirgi a kan kore ba," ya ce. "Kawo biro."

Na buɗe taga, na shimfiɗa fom a kan buhu. Ya kai biro nan, ya kai can, bai ga layin ba. Ni na kama hannunsa na ɗora masa a wurin.