Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina Anti Binta ta shige wata takwas ba ta ce uffan a nan ba, ga ni. Ban yi fushi da kowa ba. Jinya na tsaya na yi, yau kuma zan buɗe abin da na rufe kusan shekara talatin.

A tsakiyar shekarun casa'in na haifi 'yar farina. Muna haya a Kurmin Sarki, maigidana yana bin motar asuba zuwa aiki Abuja, ni ina koyarwa a firamare.

Tun kafin suna na ji wani abu ya danne mini ƙirji. Abinci ba daɗi, barci ya ƙaurace. Jaririya ta yi kuka, in zuba mata ido kamar 'yar maƙwabta.

Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. To, nan ciwona ya samu maɓoya. Mata su shigo barka su tarar na juya wa jaririya baya, su ce, "Kai, Binta akwai kunya! 'Yan matan yanzu su zo su koya." Ana ta yabona, ni kuwa ina nutsewa.

Na je asibiti ba sau ɗaya ba. A bi layin kati, a ɗebi jini, a ce taifod ne ko maleriya. Na sha allura har zama ya gagare ni, rabin albashina a kemis yake ƙarewa. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Ba wanda ya taɓa tambayata me nake saƙawa a raina.

Ranar yaye, Inna mahaifiyata ta zo daga Bagama ta goya yarinyar. "Kawo ta nan, ke ki ji da kanki." Yaye ya zama riƙo. A can ta girma, tana ce mini Anti.

Ciwon yakan lafa ya dawo. Na haifi wasu uku, na yi aiki har ritaya, amma magana ɗaya ba ta bar kaina ba: ke ba uwa ba ce, yarinyar nan ba za ta taɓa yafe miki ba.

Bara Inna ta rasu, ga 'yar tawa da cikin fari a gidan mijinta a Abuja. Dangi suka fara tambayar wa zai yi mata wankan jego. Ni na riga na yanke a raina cewa ba za ta yarda ta zo gidana ba. Na kwanta, na daina fita, na daina ɗaga waya. Har na fara jin gara a ce ba ni a duniya, wannan kuwa ya tsorata ni ƙwarai.

Maƙwabciyata Maman Joy, nas ce, ita ta shigo ta yaye labule. "Anti Binta, wannan ba taifod ba ne o. Difireshan ne. Abeg tashi mu je asibiti."

Likita ya ce ciwon damuwa ne. Ya rubuta magani, ya kuma haɗa ni da wata ƙwararriya mai duba mutane ta waya, da wani tsarin gyara tunani ta hanyar hira da suke kira CBT. Duk Talata, kusan awa ɗaya, ina ganinta tana ganina. Kuɗin zama da na data ba wasa ba ne, ga sabis da sai na fita gindin mangwaro yake kamawa. Na ce a raina, allura ba ta warkar da ni ba, hira ce za ta iya?

Ashe aji ne, har da aikin gida. Ni da na tsufa ina ba yara aikin gida! Ta sa na ja layi a littafi: abin da ya faru, abin da na raya, hujjar da ta gaskata shi, hujjar da ta ƙaryata shi. Kullum kuma in yi ƙaramin abu ɗaya ko raina bai so ba, shara ko fita sayen kayan miya.

A zama na shida ta ce, "Malama, kin ce 'yarki ba za ta yafe ba. Ita ta faɗa miki?"

Na ce a'a.

"To kin ba takarda sifili ba ki karanta ba."

Maganar ta shige ni, don ko ɗan aji ɗaya ban taɓa yi wa haka ba.

Aikin gidan makon shi ne in kira ta in ji daga bakinta. Kwana huɗu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Rana ta biyar bayan la'asar na danna.

"Anti, lafiya?"

Na ce, "Rukayya."

Tunda aka raɗa mata sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Na gaya mata komai tun daga kwanakin jego. Na ce ba ƙi ba ne, ba kuma kunya kaɗai ba ce, ciwo ne.

Ta fashe da kuka. "Ni fa na ɗauka ke ce ba kya son in zo. Akwatina a haɗe yake tun wancan watan, na rasa bakin tambayarki."

Jama'a, ta zo, ta haihu lafiya, kwana arba'in na yi ina hura wuta, ina dafa ruwa da ganyen darbejiya, ina dama kunun kanwa da hannuna. Ban tsallake zaman Talata ko sau ɗaya ba. Ina alfahari da kaina, ba zan ɓoye ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Maman Joy da malamata ta waya.

Shawarata, in mai jego ta yi shiru da yawa, kar ku tsaya yabon kunyarta, ku zauna ku tambaye ta. In za ku yi jinya ta waya, ku bi ta hannun likita, don 'yan damfara sun yi yawa. Ku yi aikin gidan, kar ku bar magani sai likita ya ce, addu'a kuma tana nan tare da su. Wanda ya ji yana son cutar da kansa, ba waya zai jira ba, a kai shi asibiti ranar.

Ranar da Rukayya za ta koma ɗakinta, na ji ta a tsakar gida tana waya da mijinta.

"Ka ɗan ƙara mana awa ɗaya, Mamana ba ta gama shirya ni ba."